Faifan birkin tsohon babur: yadda ake samunsa da araha

Duk wanda ya shiga shagon kayan babura ya ce a ba shi faifan birkin Honda CB250N, ɗayan biyu zai ji. Ko dai yaron shago ya ce "babu" tun bai rufe baki ba, ko ya ce "zauna Alhaji, yanzu za a ɗauko a sito", ya zaga layin baya ya dawo da wani faifai da shi kansa bai san na wane babur ba ne, ya yanka masa kuɗin da ya ga dama. Ba laifin yaron ba ne kacokan. Kai ne ka je da sunan babur, kasuwa kuwa ba ta san sunan ba. Abin da ta sani shi ne awo: faɗi nawa, kauri nawa, huji nawa. Wanda ya je da awonsa yakan samu faifai da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma na wani babur ne daban da bai taɓa tsammani ba.

Ni malamin gona ne a wani ƙauye arewa da Dambatta, ba bakanike ba. Babur ɗina CB250N ne ƙirar 1980, wanda ake kira Super Dream, na gaje shi daga baffana. Faifai ɗaya gare shi a gaba, baya kuma dorom ne mai shu a ciki. Abin da zan faɗa daga wahalar nema masa kaya na koye shi, amma ya shafi duk wani tsohon babur mai dis, wato birkin faifai, ko Yamaha RD350 ne, ko Suzuki GS, ko ƙananan nan irin CB125S da CB200 waɗanda faifansu da waya ake matse shi ba da mai ba.

Dalilin ƙarancin kayan a wajenmu a fili yake. Baburan da iyayenmu suka hau, su CG125 na farko, CD175, Roadmaster, Suzuki A100, Yamaha YB100 da roba-roba, duk dorom ne gaba da baya. Birkin faifai a babur na kasuwa sai a 1969 ya bazu, lokacin da Honda ta fito da CB750, kuma manyan babura ya fara bi, irin waɗanda ba kowa ke iya saye ba a nan. Har gobe Boxer da ta cika ƙauyukanmu dorom ce. To ɗan kasuwa ba zai ajiye abin da sai an shekara ba a tambaya ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar faifan ne ya mutu. Mutane da yawa da sun ji hannun birki yana harbin yatsu sai su ce faifai ya lanƙwashe. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa boris ɗin ƙafar gaba ne ya yi wasa, ko tsatsa da ƙasa sun shiga tsakanin faifan da inda yake zama, ko fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse faifan, ya cije ba ya komawa. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin faifai ba. Kafa babur a jak na tsakiya, ka tura bulo ƙarƙashin inji har ƙafar gaba ta bar ƙasa. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, fara da boris. In shiru ne, ɗaure biro a jikin shoka da robar tiyub, bakinsa na dab da fuskar faifan kamar zai taɓa, ka juya ƙafar a hankali kana kallon tazarar. Littattafan gyara na Honda galibi milimita 0.3 suke bari a matsayin iyakar karkata, kimanin kaurin takardar rubutu uku a haɗe. In biro yana taɓawa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma takarda uku suna shigewa sakayau, faifan ya karkace. Ko a nan ma kwance shi tukuna, ka goge mazauninsa da samfefa, ka mayar ka sake gwadawa.

Sai kauri. A jikin yawancin faifai, kusa da hujin notuna ko a gefen baki, akwai rubutu da aka buga: MIN TH, sannan lamba, misali 3.5 mm ko 4 mm. Wannan shi ne kaurin da in faifai ya gaza shi ya tashi daga aiki. Tsatsa da ƙura kan rufe rubutun, sai an goga da burushin waya. Kada ka auna a can bakin faifan, domin fad, wato ɗan birkin da ke cikin kalifa yana gogar faifan, ba ya kaiwa nan, sai wurin ya bar wani ɗan leɓe mai tudu wanda zai ruɗe ka ka ɗauka da sauran nama. Auna tsakiyar inda fad ke gogawa, wuri huɗu ko shida a zagaye, ka ɗauki mafi siranta. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne maikuromita, domin bakinsa yana tsallake leɓen. In baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, kawai ka samu wajen mai injin tona, wato injin sassaƙa ƙarfe, sa kwabo ko wosha ɗaya kowane gefe ka auna gaba ɗaya, sannan ka cire kaurin woshoshin biyu.

Zane-zanen da yashi ke yi a fuskar faifai, in farce bai maƙale sosai a ciki ba, ba abin tashin hankali ba ne. Babu faifan da zai yi damina biyu a hanyar burji ya zauna sumul. Tsagewa ce ba ta da magani. Ko siririya ce kamar gashi, musamman wadda ta taso daga ɗaya daga cikin ƙananan hujojin iska ko daga hujin noti, faifan ya gama.

To in ya tabbata sai an canja, zauna ka ɗauki awo tun kana gida. Faɗin faifan gaba ɗaya daga baki zuwa baki. Faɗin babban hujin tsakiya, wanda shi ne ke zaunar da faifan daidai a kan cibiyar ƙafa. Yawan notuna, da faɗin hujin kowane noti. Kauri. Faɗin hanyar da fad ke bi. Sai guda biyu da aka fi mantawa, kuma su ne ke sa mutum ya yi asarar kuɗin mota.

Na farko da'irar da notunan ke kai. Faifai biyu na iya zama masu huji shida-shida, faɗinsu ɗaya, amma a ɗaya notunan sun fi matsowa ciki da milimita biyu, kuma wannan ya isa ya hana shi hawa. In hujin huɗu ne ko shida, da sauƙi: auna daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. In biyar ne babu mai fuskantar wani, sai ka auna tsakanin biyu maƙwabta, tsakiya zuwa tsakiya, ka ninka da 1.701. In uku ne ka ninka da 1.155. Gano tsakiyar huji da ido yana da wuya, don haka auna daga bakin hagu na wannan zuwa bakin hagu na wancan, lissafin ɗaya ne.

Na biyu zurfi. Tsofaffin faifai da yawa ba shafaffu ba ne, tsakiyarsu a lotse take kamar faranti, wasu ma ƙarfen birkin daban ne an ɗinke shi da ribit a kan gindin alminiyam. Kifa faifan a kan gilashi ko shafaffen tebur, ka auna tazarar da ke tsakanin fuskar da ke manne da ƙafa da fuskar da fad ke kamawa. In wannan ya saɓa, faifan zai ɗauru lafiya lau amma ba zai faɗa tsakiyar kalifa ba, zai riƙa gugar gefe guda.

Bayan ka rubuta lambobin, samo kwalin taliya ko na sabulu, ka ɗora faifan a kai ka zana shi da biro, baki da tsakiya da kowane huji, ka yanke. Rubuta awon a jikin kwalin, ka ɗauke shi hoto a waya. In da hali ma ka saka tsohon faifan a buhu ka tafi da shi, domin ɗora faifai kan faifai a leƙa ta huji ya fi kowane lissafi. Babur ɗin kuwa bar shi a gida. Ba don birki kaɗai ba. Ranar da ka faka tsohon Honda mai sheƙi a ƙofar shago, mai shagon ya riga ya san kai mai son abin ne, ba za ka iya haƙura ba, kuma kuɗin ya ninka tun kafin ku gaisa. Hau motar kasuwa ka je da buhunka kamar wanda aka aiko.

Nema kuma daga kusa ake farawa. Kowane tsohon bakanike a garuruwanmu yana da tarin ƙarafa a bayan rumfa ko ƙarƙashin benci, abin da ya tara shekara da shekaru yana cewa wata rana zai yi amfani. Yaran da ke gyaran Boxer ba su san abin da ke ciki ba, mai rumfar za ka nema, ka gaishe shi da kyau, ka zauna. Wani dattijo da ke gyara a bakin tasha, da na nuna masa kwalina, ya juya shi sau biyu ya ce, "Malam, wannan ai na Honda babba ne. Ka je wajen masu gwangwan kafin su loda, ka ce su nuna maka ƙafafun gaba, kada ka ce faifai." Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce, "In ka ce faifai sun san abin da kake so. In ka ce ƙafa, kilo za su auna maka." Shawarar nan ta fi duk wadda na samu a waya. Masu gwangwan da 'yan jari-bola da nauyi suke saye da sayarwa, kuma ƙafar gaba sukutum, da cibiyarta da faifanta, wani lokaci har da kalifa a rataye, takan zo ƙasa da kuɗin faifai shi kaɗai a shago. Ranar kasuwa suka fi tara kaya: Dambatta da Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a. Ka bar musu lambar wayarka da hoton kwalin, ka yi alkawarin ɗan goro in sun samo. Suna shiga lungunan da kai ba za ka taɓa shiga ba.

In ƙauye ya gaza, sai birni. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce matattarar tsofaffin ƙarafa da kayan gyara na hannu, ko da yake kayan mota sun fi yawa, sai ka yi tambaya a nuna maka ɓangaren masu babura. A Sabon Gari kuma akwai 'yan kasuwar da ke da hanya da Nnewi ta jihar Anambra, wadda ita ce cibiyar kayan babura a ƙasar nan. In ka ba irinsu awo sukan buga waya a duba musu, a sako a mota. Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas su ma wuraren nema ne in kana da ɗan'uwa a can da zai je da ƙafarsa. Dillalai za su tare ka tun daga bakin kasuwa. Ba na hana mutum aiki da dillali, don wani lokaci shi ya san rumfar da kayan yake, amma ku yanke la'adarsa tun farko, kuma ka yi ciniki da mai kaya baki da baki. Ka taya a rumfa uku kafin ka ce a sallama. Abu na ƙarshe kafin kuɗi su bar hannunka: ku yi magana a gaban shaida cewa in bai hau ba za ka dawo da shi, a rubuta a bayan rasit.

Hanyar da na fi so, kuma ita ce mafi araha ga mai ƙaramin babur, ita ce sabon faifan wani babur na yanzu. Kamfanoni ba sa ƙirƙiro sabon awo ga kowane samfuri, sukan maimaita abu ɗaya shekaru da yawa, kamfanonin Sin kuma sun kwafi da yawa daga cikin ƙirar Japan. Suzuki GN125 ya fito tun 1982, kuma Haojue ta daɗe tana ƙera shi da 'yan'uwansa a Sin, saboda haka mai tsohon GN ko GS125 ya fara ɗora faifansa kan na Haojue kafin ya je ko'ina. Mai Honda kuma ya nemi lambar kayan. Lambar Honda kashi uku ce da ɗan layi a tsakani: na farko yana nuna irin kayan, na tsakiya yana nuna babur ɗin da aka fara yi wa shi. Duk kayan da ka ga 300 a tsakiyarsa, alal misali, asalinsa na CB750 ne. Akwai shafin CMSNL na ƙasar Holan da ke da zanen kayan tsofaffin baburan Japan ɗaya bayan ɗaya. Ka nemo babur ɗinka, ka danna lambar faifan, zai jero maka sauran baburan da ke amfani da shi. Ko ba za ka sayi komai a wajensu ba, wannan jerin kyauta ne, kuma da shi za ka koma kasuwa da suna biyar maimakon ɗaya. Kundin kamfanonin da ke yin faifai na canji, irin su EBC ta Ingila da Brembo ta Italiya, shi ma haka yake aiki: lamba ɗaya, babura da yawa a ƙarƙashinta.

Sayen waje shi ne na ƙarshe a wajena. Super Dream ya yi kasuwa sosai a Ingila, don haka kayansa na hannu ba sa wuya a eBay, akwai kuma David Silver Spares da suka ƙware a kayan tsohuwar Honda. Matsalar faifai ƙarfe ne mai nauyi, kuɗin aiko shi kan kai kuɗin sayensa ko ya fi, ga kwastan, ga canji da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. In kana da wanda zai dawo gida ya sako maka a jaka, to. A AliExpress akwai masu araha, kuma da yawansu suna saka zanen awo a cikin hotuna. Ka bi zanen, kada ka bi sunayen baburan da suka jera a sama. Masu tallan Jiji da Facebook kuwa, ka ce su yi maka bidiyo suna auna kauri da baniya, su juya faifan gaba da baya, su nuna rubutun MIN TH. Wanda ya ce "Oga kaya na da kyau, turo kuɗi kawai" ka bar shi da kayansa.

Yanzu ga faifai na hannu a gabanka a rumfa. Goge shi da tsumma da ɗan fetur, ka fita da shi rana, kada ka duba a cikin duhun shago. Auna kaurin kamar yadda na faɗa. In saura ƙiris ya kai iyaka, ba araha ba ne ko nawa aka ce, don bayan shekara za ka dawo. Bi hujojin ɗaya-ɗaya da ido kana neman tsaga. Rataye shi da waya ko igiya ka ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo, tsagagge kuwa sai ya ce ƙwaf ya yi shiru. Wannan gwajin ya fi aiki a faifai ɗan ƙarfe guda, mai gindin ribit dama ba ya amsawa sosai, shi sai ka murɗa gindin da hannu ka ji ko ribit ya saki. Tabon shuɗi ko ruwan hanta alamar ya sha zafi ne fiye da kima, irinsa yakan zo da karkata. Ka kifa shi kan gilashi ka danna gefe-gefe, in yana rawa ajiye musu. Ka kuma lura da wanda aka yi wa wanka: an goge shi da injin gurza yana walƙiya, babu leɓe ko kaɗan, amma siriri. Tsatsar sama ba komai ba ce, fad zai share ta. Ni na fi yarda da faifai mai tsatsa da kauri a kan mai ƙyalli.

Sau da yawa abin da za ka samu kusa ne da naka, ba daidai ba. A nan mai injin tona yake shigowa, kuma a nan ne ya kamata mutum ya san abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa. Hujin tsakiya in ya yi ƙanƙanta kaɗan, ana iya buɗe shi a kan inji. In ya yi girma, a yanka zobe a cike. Faifan da faɗinsa ya ɗara naka da milimita kaɗan ana iya rage bakinsa. In zurfi ne ya gaza, a yanka zobe cikakke na ƙarfe ko alminiyam mai kaurin da ake buƙata, a sa notuna masu tsawon da ya dace. Kada a jera woshoshi a ƙarƙashin kowane noti, ba sa zama daidai kuma su ne ke karkatar da faifai. Sabbin hujojin noti ana iya hudawa a tsakanin tsofaffin in akwai isasshen nama, amma a kan inji, da awo, ba da dirilin hannu a ƙasa ba.

Abin da ba na yarda da shi ko a kyauta: a ja hujin noti da zarto ya koma dogo don ya kama, a yi wa tsaga walda, a gasa faifai a wuta a buge shi da guduma wai ana miƙar da shi, ko mai walda ya yanko maka faifai daga farantin ƙarfen ƙofa. Na ga irin na ƙarshen nan a wani babur da ke dakon buhunan gero. Ƙarfen gini ba ya jure zafin birki, yana lotsewa, kuma ranar da zai ba ka kunya ita ce ranar da garken shanu ya faɗo titi kana gangara da kaya.

Sassaƙe tsohon faifanka a mayar da shi sumul, wannan ya danganta da kauri. Na shekarun 1970 masu kauri ne ƙwarai, na CB750 ya kai milimita 7, irinsu suna da abin da za a ɗiba. Na baya-bayan nan masu milimita 4 babu abin ɗiba a jikinsu. Ƙarfen tsofaffin Hondan kuma silba ne mai taurin kai wanda ba ya tsatsa, wuƙar injin tona takan yi tsalle a kansa ta bar shi da kunya-kunya. Gara ka nemi masu injin dutse da ke gyara fuskar kan silinda, a goge fuska biyun daidai wa daida, a sake aunawa a gabanka.

Wasu in sun gaji sukan cire ƙafar gaban gaba ɗaya, da shoka da kalifa da masta, wato tukunyar man birki da ke jikin hannun birki, su dasa ta wani babur na zamani. Masu son abu na asali suna jin haushin wannan. Ni ban ga aibunsa ba ga babur ɗin da ake zuwa gona da kasuwa da shi, in dai bakanike ya san aikinsa, tsayi da sandar ƙafa sun dace. Sai dai ka adana tsofaffin kayan a ɗaki, kada ka sayar wa masu gwangwan, don darajar tsohon babur tana tare da kayansa na asali.

Wajen ɗaurawa, goge mazaunin faifan har ƙarfe ya fito fes, ƙwayar yashi ɗaya a nan tana iya zama karkata a baki. Duba ko akwai kibiya a jikin faifan da ke nuna inda zai juya. Na babura masu faifai biyu, irin CB400N, wani lokaci na hagu daban na dama daban. Notunan faifai ba irin na kwanon rufi ba ne, ƙarfe ne mai ƙarfi, wasu da ɗan wuya a ƙarƙashin kai wanda ke cika hujin. In na asali suna da lafiya mayar da su, in za ka saya nemi masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a ka. Ɗiga musu gam ɗin noti, Loctite mai shuɗi, in kuma naka irin mai 'yar farantin da ake lanƙwasa wa kan noti ne, ka lanƙwasa ta. Ɗaure su a gicciye, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan har zagaye biyu ko uku. Sabon faifai yakan zo da ɗan maiƙo don kada ya yi tsatsa, wanke shi da tina ko sabulu da ruwa ya bushe. Sannan ka maimaita gwajin biro kafin ka sauke babur daga jak.

Kada ka haɗa sabon faifai da tsohon fad, domin fad ɗin ya riga ya ɗauki zanen tsohon faifan, zai kwafa shi kan sabon. Fad iri biyu ne a kasuwa: mai laushi, da mai garin ƙarfe da ke ɗaukar ido kamar tagulla. Na biyun ya fi kamawa ya fi daɗewa, amma yana cin faifai. Ga wanda ya sha wahala kafin ya samu faifai, mai laushin ya fi, gara ka riƙa canja fad. Tunda an buɗe wurin, zubar da tsohon man birki ka sa sabo, DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfin masta, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, don man yana shan danshin iska. Kada a haɗa shi da DOT 5, ba jinsi ɗaya ba ne. Ka rufe tanki da tsumma, don man birki yana cin fenti. Kafin ka hau, matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri.

Kwanakin farko birkin ba zai kama sosai ba sai fad da faifai sun saba. Nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu mutane, ka ɗan yi gudu ka rage a hankali ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake, kamar sau goma, sannan ka yi tafiya ya huce. Kada ka ɗauki kaya masu nauyi ko goyon mutum biyu a wannan makon. Da damina, in ka ratsa laka, watsa wa kalifa ruwa kafin ta bushe a ciki, da hunturu kuma ka riƙa leƙa fad ɗin duk wata, ka canja shi tun da sauran nama kamar milimita 2, kafin ƙarfen bayansa ya fara noman faifan. Ka kuma duba shokar da ke gefen faifan: in tana tsiyayar mai, canja sil ɗinta a ranar, don man shoka in ya sauka kan fad ba ya wankuwa, sai dai a sayi wani.